Yadda ake zaɓar layin kira da data mai sauƙin kuɗi idan za a fita ƙasar waje

Duk wanda ya taɓa zama a wajen bitar maniyyata a Bauchi ya san abin da ake nanatawa: yadda ake ɗaura harami, nauyin jaka, allurar rigakafi, da kayan da aka hana shiga jirgi da su. Zancen waya ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali ita ce mutum yake fara lalubowa da zarar jirgi ya sauka a Madina ko Jidda, domin ya san a gida an zuba wa waya ido ana jiran a ji ya sauka lafiya. Haka abin yake ga ɗan kasuwar Wunti da zai je Dubai ko Guangzhou saro kaya, da wanda zai kai mara lafiya Alƙahira ko Indiya, da ɗalibin da ya samu gurbin karatu a Turkiyya.

Shawarata a dunƙule ita ce kada ka ɗora wa layi ɗaya aiki biyu. Layinka na gida ka bar shi a raye don saƙon banki. Kira da data kuwa ka saye su a inda suka fi araha, wanda yawanci a ƙasar da ka je ne. Ga yadda ake yi daki-daki.

Fara da wayar kanta, tun saura sati biyu

Tambayar farko ba ta layi ba ce, ta waya ce: shin wayarka za ta karɓi layin wata ƙasa? Tecno, Infinix, itel, Redmi da Samsung da aka saya sabbi a kwali a nan gida ba su da matsala, kuma yawancinsu masu layi biyu ne, abin da ake so ke nan. Inda gizo ke saƙa shi ne tsofaffin iPhone da ake shigowa da su daga Amurka da Ingila. Wasunsu a kulle suke da kamfanin layin da ya fara sayar da su, sai a saƙala musu wani siririn falle a ƙarƙashin sim don su yi aiki a nan. Irin wannan wayar tana iya ƙin layin can, ko ta nemi sai an sake saita fallen, kai kuma kana tsakiyar filin jirgi. A iPhone shiga Settings, General, About, ka duba layin da ke maganar kullen kamfani. In an rubuta "No SIM restrictions", wayarka a buɗe take. In ba haka ba, ka kai ta wajen mai gyara tun kana gida, ko ka nemi wata.

Sai ka danna *#06#. Lambobin IMEI, wato lambobin shaidar wayar, za su fito. In ka ga wata doguwar lamba mai suna EID a ƙasansu, wayarka tana ɗaukar eSIM, wato layin da ba a saka shi da hannu, saukar da shi ake yi ta intanet. Yawancin iPhone daga XR da XS na 2018 zuwa sama suna da shi, haka yawancin Samsung Galaxy S daga S20. Mafi yawan wayoyin da ke hannun mutanenmu ba su da shi, kuma ba abin damuwa ba ne. A kula kuma, iPhone 14 zuwa sama da aka yi wa kasuwar Amurka ba su da ramin sim kwata-kwata, eSIM kaɗai suke ɗauka.

Ƙaramar waya mai tocila tana da amfaninta, musamman a Mina inda wurin caji yake wahala, amma kada ka dogara da ita kaɗai. Ƙasashe irin su Japan, Koriya ta Kudu, Singafo da Ostareliya sun rufe tsohon sabis na 2G da irin waɗannan wayoyi suke hawa, wasu ƙasashen ma suna kan hanya.

Gyara layin gida kafin ka bar gari

Layin da ke haɗe da BVN ɗinka shi ne mafi muhimmanci, domin ta nan alat yake shigowa, ta nan kuma banki yake turo lambar OTP idan za ka tura kuɗi. Ka tabbata an haɗa shi da NIN, *996# zai nuna maka. Sannan ka kira 300, wanda tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta mayar da shi lambar masu kula da abokan hulɗa a duk layukan Najeriya, ko kuma ka taka zuwa ofishin kamfanin. Tambaya huɗu za ka yi, kuma ka rubuta amsa: an buɗe wa layina romin, wato zai yi aiki a ƙasar da zan je? Nawa ne minti idan na kira Najeriya daga can? Nawa ake cira idan aka kira ni na ɗauka? Da wane kamfanin can kuke hulɗa?

Tambaya ta uku ita ce mutane suka fi jahilta. A gida wanda ya kira shi ke biya, to sai mutum ya ɗauka ko'ina haka ne. A romin, kai da aka kira ma ana cirar maka. 'Yan uwa goma su kira su yi maka barka da sauka, kowa minti uku, ka duba kati ka ga wayam, ba ka kira kowa ba. Karɓar saƙon tes kuwa a mafi yawan layuka kyauta ne, shi ya sa nake cewa layin gida na saƙo ne.

Datar da ka saya a Bauchi ba ta tsallaka iyaka da kai. Ko giga hamsin gare ka, tana nan tana jiranka har wa'adinta ya ƙare. In ka kunna data a kan layin gida a ƙasar waje ba tare da ka sayi tsarin romin na musamman ba, daga katinka za a riƙa cira, kuma a farashi mai zafi. Don haka shiga saitin waya, wajen layuka, ka kashe abin da aka rubuta "Data roaming" a kan layin gida. Ka soke sabunta data ta kai tsaye. Ka danna ##002# don soke duk wani karkatar da kira, domin kiran da ba ka ɗauka ba idan ya zarce akwatin saƙon murya kana ƙasar waje, yana iya jawo cira. Katin da za ka bari a ciki ya zama kaɗan, daidai kiran gaggawa ɗaya ko biyu. In ya ƙare za ka iya sake sawa ta manhajar banki, ko wani a gida ya tura maka.

Tunda zancen banki ya zo: masu tura kuɗi ta danna lambobin tauraro, ku sani sau da yawa ba sa aiki a waje. A sauke manhajar bankin, a shiga, a tura wa wani ko da naira ɗari ce don a tabbata tana aiki, tun ana gida inda za a iya zuwa reshe idan ta ƙi.

Lissafa buƙatarka, kada mai shago ya lissafa maka

Kiran murya ta WhatsApp ko IMO bai cika wuce mega ɗaya a minti ba. Kiran bidiyo yana cin wajen mega biyar a minti. Kallon TikTok, YouTube ko bidiyon Facebook na awa guda yana iya lashe rabin giga zuwa giga ɗaya. Giga ɗaya kuma mega dubu ne da 'yan kai.

Ɗauki misalin Hajiya da za ta yi kwana 35 a ƙasa mai tsarki. A ce kullum tana kiran murya na minti ashirin, mega 20 ke nan. Kiran bidiyo da jikoki na minti goma, mega 50. Hotuna da saƙonnin murya a ce wata mega 50. A rana mega 120, a kwana 35 giga huɗu da ɗan ɗori. In ta sayi giga biyar zuwa goma ta wadata har da rara. Ɗanta da ya rako ta, wanda ba ya iya barci sai ya kalli bidiyo na awa guda, shi kam giga ashirin ba lallai ta kai shi ba. Mutum biyu a masauki ɗaya, buƙata daban, don haka kada a ce "a ba mu irin na wancan".

Hanya mafi sauƙi ta sanin kanka ita ce ka duba cikin saitin waya ka ga nawa ka ci a watan da ya wuce, da kuma wace manhaja ce ta fi ci.

Hanyoyi uku, da wanda kowacce ta dace da shi

Ta farko ita ce tsarin romin na kamfaninka na gida. MTN, Airtel da Glo duk suna sayar da irinsa, kuma lokacin aikin Hajji sukan fito da na Saudiyya na musamman. Amfaninsa shi ne da naira ka biya, lambarka ba ta canza ba, kuma da saukarka yana aiki. Aibinsa tsada idan aka auna da giga, ga gajeren wa'adi, sannan yakan yi aiki ne a kan kamfanin da suka ƙulla da shi kawai. In wayarka ta kama wani kamfanin da kanta, za a koma cira daga kati, don haka sai ka shiga saiti ka zaɓi kamfanin da hannu. Ni a ganina wannan hanya ta tafiyar kwana biyu zuwa huɗu ce, ko ta cike giɓin ranar farko kafin a sayi layin can.

Ta biyu eSIM ta matafiya, irin ta Airalo, Holafly ko Nomad. Kana zaune a ɗakinka a Yelwa ko Fadaman Mada za ka saya, su turo maka lambar QR, ka haska ta da kyamara, layin ya zauna a wayarka yana jiran ka sauka. Ba bin layi, ba neman shago. Amma akwai sharuɗɗa. Da dala ake biya, kuma ba kowane katin naira ne yake sayayya a shafukan waje ba, sai ka gwada naka. Yawancinsu data ce zalla, babu lambar da za a kira ka a kai, wanda matsala ce idan direban tasi ko mai kago, wato mai turo maka kaya gida, zai neme ka. Wasu ƙasashe kuma suna toshe shafukan masu sayar da ita, don haka a saya a saukar tun a gida. Ka karanta ko wa'adin yana fara ƙirga daga ranar saye ne ko daga lokacin da ta fara kama sabis a can. Kuma kada ka goge ta da sunan gwaji, sau da yawa lambar QR sau ɗaya take aiki. Tafiyar sati ɗaya zuwa biyu, musamman mai ratsa ƙasa biyu ko uku, nan eSIM ta fi kyau.

Ta uku layin ƙasar da ka je. Duk zaman da ya wuce sati biyu, wannan ce hanyar. A Saudiyya manyan kamfanonin su ne STC, Mobily da Zain. A Dubai Etisalat, wanda yanzu ake kira e&, da du. A Masar Vodafone, Orange, Etisalat da WE. A Indiya Jio da Airtel. A Nijar akwai Airtel, Moov da Zamani, a Kamaru MTN da Orange, a Chadi Airtel da Moov. Kada sunan ya ruɗe ka: MTN ta Kamaru da Airtel ta Nijar kamfanoni ne na can, layinka na Najeriya baƙo ne a kansu, romin ne za a lissafa maka.

A gaban kantar mai sayar da layi

A nan ake yin riba ko asara, don haka bari in daɗe a kai. A filin jirgin Jidda da na Madina akwai rumfunan kamfanonin, haka a kewayen Harami da unguwannin da alhazanmu suke sauka irin su Misfala. Da fasfo ɗinka ake yin rajista, yawanci har da dangwala yatsa. In jirgin alhazai ne ba lallai a ba ka sararin tsayawa a filin jirgi ba, motoci na jira. Kada ka tada hankali, ka tura saƙon sauka ta Wi-Fi ko ta layin gida, washegari ka je shagon kamfani a natse.

Kafin ka miƙa kuɗi ka tambayi kwana nawa tsarin yake yi. Yawanci sati biyu ne ko wata guda, kai kuma alhaji zamanka ya zarce wata, ke nan akwai sabuntawa a gaba, ka ware mata kuɗi daga guzurinka tun yanzu. Ka tambayi yadda aka raba datar, domin a Saudiyya an saba rubuta adadi babba a allo alhali wani kaso na shafukan sada zumunta ne kawai, ba zai buɗe maka taswira ko manhajar banki ba. In an ce akwai mintocin kiran ƙasashen waje, ka sa a nuna maka jerin ƙasashen ka ga Najeriya da idonka, don ba kowane tsari ne ya haɗa da ita ba. In an ce data mara iyaka, tambayi bayan giga nawa ake rage mata gudu. Harajin VAT a Saudiyya kashi 15 cikin ɗari ne, ka tabbata kuɗin da aka faɗa maka ya haɗa da shi.

Wajen kwatanta farashi, raba kuɗin da yawan gigar da za ka iya amfani da ita a ko'ina, sannan ka juya zuwa naira a farashin da kai ka sayi kuɗin, ba na allon banki ba. Riyal 3.75 ne dala ɗaya, dirhamin Dubai kuma 3.67, dukansu a ɗaure suke da dala, don haka lissafin ba ya wahala.

Kada ka bar wurin sai layin ya hau, ka buɗe shafi ɗaya a intanet, ka kira lambar wani abokin tafiya ta shiga. Ka sa ma'aikacin ya nuna maka yadda ake duba ragowar data da yadda ake mayar da saƙonnin kamfanin daga Larabci zuwa Turanci. Ka riƙe kwalin sim ɗin, lambarka na jiki.

Za ka gamu da masu tallan layi a bakin titi, wai an riga an yi masa rajista, ga araha. Araha ba ta ado. Layin da ke ɗauke da sunan wani ana iya rufe shi kowane lokaci, ba ka da bakin ƙorafi. Haka nan in ana yi maka rajista, yatsa sau ɗaya ake dangwalawa don layi ɗaya. In aka ce ka sake, ka sake, tambayi dalili, kada a buɗe layuka da sunanka a sayar wa wasu. Dattawa da mata masu rauni a raka su, kada a bar su su kaɗai da mai shago.

Saita wayar bayan layi ya hau

Layin can shi ne na data da na kira, layin gida a bar shi a kunne don saƙo kawai. In an kira ka a kansa kada ka ɗauka, ka duba mai kiran ka bi shi ta WhatsApp.

WhatsApp ɗinka yana nan a kan lambarka ta Najeriya ko da ka cire sim ɗin gaba ɗaya. In ya tambaye ka ko za ka canza lamba, ka ce a'a. Kada ka goge shi ka sake saukarwa a can, domin lambar tabbatarwa layin gida za a turo wa, in ba ta shigo ba ka shiga uku. Ka sa masa lambar sirri ta mataki biyu tun kafin tafiya.

Waya tulu ce mai yoyo, ko ba ka taɓa ta ba data na zuba. Ka hana Play Store ko App Store sabunta manhajoji sai a kan Wi-Fi. Ka dakatar da Google Photos ko iCloud daga kwashe hotuna ta data, don hotunan Harami da za ka ɗauka ba kaɗan ba ne. A WhatsApp ka kashe saukar da bidiyo da hotuna kai tsaye, musamman in kana cikin zaurukan 'yan uwa da na unguwa da ake turo wa'azi da bidiyon biki dare da rana. Ka sauke taswirar garin a Google Maps tun kana kan Wi-Fi, za ta yi aiki ko babu data. Masu zuwa Umara da Hajji su sauke manhajar Nusuk su yi rajista tun a gida, ta nan ake neman izinin shiga Rauda.

Wi-Fi na masauki kyauta ne, amma idan kowa ya dawo daga sallar isha'i ya hau, sai ya zama ba ya motsi. Bayan asuba ya fi sauri. Harkar banki kuwa a yi ta a kan datar layi, ba a Wi-Fi da kowa ke hawa ba.

Inda WhatsApp ba ya kira

A Dubai da sauran Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saƙon WhatsApp yana tafiya, amma an toshe kiran murya da na bidiyo. Manhajar Botim ake amfani da ita, sai ka sa mutanen gida su ma su sauke. Saudiyya ta sassauta takunkumin kira ta intanet a 2017, amma duk da haka ka riƙe IMO ko Botim a gefe saboda ranar da kiran WhatsApp zai ƙi shiga. Saƙon murya kuwa yana wucewa, kuma ya fi komai araha.

Sin daban take. A kan layin can da Wi-Fi na otal, WhatsApp, Facebook, Gmail da duk kayan Google ba sa buɗewa. Harkar kasuwa kacokan a manhajar WeChat ake yin ta, don haka a buɗe ta tun a gida. A nan ne romin ko eSIM ta matafiya suke da wata fa'ida ta daban: datarsu tana zagayawa ta wajen ƙasar, shi ya sa WhatsApp yakan yi aiki a kansu. Mai zuwa Guangzhou na kwana goma, eSIM ta fi masa ko da ta ɗan fi tsada.

Ɗalibai masu zuwa Turkiyya su sani wayar da aka shigo da ita daga waje ana toshe ta daga layukan ƙasar bayan kwana 120 idan ba a yi mata rajista an biya haraji ba, kuma harajin ba ƙarami ba ne.

Tsara magana da gida

Duk lambobin da za ka buƙata ka sake ajiye su da +234 a gaba, ka cire sifilin farko. Lambar da ta fara da 0803 za ta koma +234803. Naka layin na Saudiyya zai fara da +966, na Dubai +971, na Masar +20, na Sin +86, haka za ka tura wa gida.

Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, Dubai da uku, Sin da bakwai. A tsayar da lokaci ɗaya a rana da kowa ya sani. Iyaye da ke Ningi ko Darazo da ƙaramar waya, a shirya da wani yaro mai babbar waya ya je wurinsu a wannan lokacin a yi kiran ta intanet. In hakan ba zai yiwu ba, su a gida a saya musu tsarin kiran ƙasashen waje su kira layinka na can, kai ɗauka ba za ta ci maka komai ba. A ranakun Mina da Arfa, daga 8 zuwa 13 ga Zulhajji, mutane sun yi yawa a wuri guda, sabis yakan yi nauyi, caji kuma sai an yi da gaske. A gaya wa gida tun da wuri cewa shiru na kwana ɗaya ba matsala ba ne. A tafi da fawa bank cike, kuma a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda da shi a babbar jaka ba.

A rubuta a takarda, a sa cikin jakar wuya: lambar jami'in alhazai na ƙaramar hukumarka, lambar abokin ɗaki, sunan masauki, da lamba biyu na gida. A Makka lambar gaggawa 911 ce, motar asibiti 997.

In sai ka cire sim ɗin gida don wayarka mai layi ɗaya ce, ka manna shi da salatif a cikin murfin waya, ko ka sa shi a ƙaramar wayar. Masu doguwar tafiya su riƙa sa masa kati suna ɗan amfani da shi lokaci-lokaci, domin layin da ya yi watanni a kwance kamfani yana rufe shi, daga baya a sayar wa wani, alat ɗin bankinka ya koma hannun baƙo. Wasu kamfanonin suna da tsarin ajiye lamba da ake biya, a tambaya kafin a tafi.

Ranar dawowa, ka ƙarar da mintocin da suka rage, ka soke duk wata sabuntawa ta kai tsaye. Layin can da sunanka da yatsanka aka yi masa rajista, don haka kada ka bar wa kowa shi kyauta, ko Bahaushe ɗan uwanka ne mazaunin can. Ka dawo da shi ko ka karya shi. Da jirgi ya sauka a Bauchi ka mayar da data kan layin gida, ka danna *310# ka duba katinka, *312# kuma ka sayi sabuwar data.